Abin Da Ke Ce wa Ƙwayar Jiki "Ya Isa"

Duk wanda lauje ya taɓa yanka a bakin aiki, ko aska ta kufce wa wanzami a kansa, ya ga yadda jiki yake ɗinke kansa ba tare da allura da zare ba. Jini yakan daskare, ɓawo ya rufe wurin, bayan mako ɗaya ko biyu sai ga sabuwar fata ta bayyana. Galibin mutane tsirowar sabon naman ce ke ba su mamaki. Su kuwa masana ilmin halittu, abin da ya fi ɗaure musu kai shi ne yadda naman yake daina tsirowa, domin a mafi yawan lokuta da zarar gefe biyu na raunin sun haɗu sai aikin ya tsaya cak. Mene ne yake sanar da naman cewa ya isa haka?

Masana sun shafe shekaru fiye da 60 suna neman amsar wannan tambaya, kuma yawancin binciken an yi shi ne a cikin ɗan faranti wanda bai fi tafin hannu ba. Abin da aka gano ya buɗe ƙofar fahimtar ciwon daji, wato sankara, musamman ta hanta da ta bakin mahaifa, waɗanda ke cin rayuka da yawa a ƙasar Hausa. Saboda haka wannan labari ya shafi manomin gyaɗa na Gafasa a Ƙaramar Hukumar Ajingi, da ɗalibar sakandare a Gaya, kamar yadda ya shafi masanin da ke Landan.

Tubalan da aka gina jiki da su

An gina jikin ɗan Adam da ƙananan ƙwayoyi masu rai, waɗanda ba a ganinsu sai da madubin hangen ƙananan halittu. Jikin baligi yana ɗauke da kimanin tiriliyan 30 daga cikinsu. Kowace ƙwaya tana lulluɓe da wata siririyar yana, kuma a tsakiyar mafi yawansu akwai cibiya wadda ke ajiye da zaren gado, wanda ake kira DNA. An kasa wannan zare gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa tana ɗauke da umarnin ƙera wani furotin, su kuwa furotin su ne ma'aikatan da ke gudanar da harkokin ƙwaya.

Ƙwayoyi suna ƙaruwa ne ta hanyar rabuwa: ɗaya ta kwafi zaren gadonta, sannan ta rabu biyu. An ƙiyasta cewa a kowace rana kimanin ƙwayoyi biliyan 330 ne ke mutuwa a jikin mutum a maye gurbinsu da sababbi, akasarinsu na jini da na hanji. Duk da wannan hada-hada, hanta ba ta fin girman da ya dace da ita. A 1931 masana biyu a Amurka, Higgins da Anderson, sun yanke kashi biyu cikin uku na hantar gafiyar gwaji. Cikin mako biyu ragowar ta girma ta koma nauyinta na da, daga nan ta tsaya.

Ɗan lissafi kaɗan zai nuna haɗarin rashin tsayawa. Idan ƙwaya ɗaya ta rabu biyu, biyun suka zama huɗu, aka ci gaba da ninkawa har sau 30, za a sami ƙwayoyi fiye da biliyan ɗaya, wato ƙari mai girman ƙwayar gyaɗa da nauyin giram ɗaya. In aka ƙara ninki 10 kacal a kan haka, nauyin zai kai kilo guda. Malaman lissafi za su iya ba ɗalibai wannan aiki a aji su tabbatar da kansu.

Renon ƙwayoyi a faranti

Ba shi yiwuwa a leƙa cikin jikin mai rai a kalli ƙwaya ɗaya tana yanke shawarar rabuwa ko tsayawa. Don haka aka nemi hanyar fito da ƙwayoyin waje a rene su. A 1907 Ross Harrison ya ɗauki ɗan yanki na jikin ɗan tayin kwaɗo ya ajiye shi a ɗigon ruwan jiki, ya kalli jijiyoyi suna tsirowa daga gare shi. Daga baya aka inganta hanyar. Akan ɗauki ɗan nama a warware ƙwayoyinsa da wani sinadarin narkarwa, a zuba su a faranti na gilashi ko roba, a rufe su da ruwa mai ɗauke da sukari da gishiri da bitamin da tubalan furotin, a ƙara ɗan tataccen ruwan jinin maraƙi, sannan a sa farantin a akwatin ɗumi mai zafin digiri 37, daidai da zafin jikin mutum. Wannan fasaha ba baƙuwa ba ce ga makiyayanmu, ko da ba su san sunanta ba, domin allurar rigakafin ciwon bushiya ta shanu da Walter Plowright ya samar, a ƙwayoyin ƙodar maraƙi aka rene ta. Da taimakonta aka kai ga shelar kawar da cutar daga duniya a 2011.

A 1953 da 1954, Michael Abercrombie da Joan Heaysman na wata kwalejin jami'a a Landan suka lura da wani abu a ƙwayoyin zuciyar ɗan tsako. Ƙwaya takan yi ta rarrafe a gindin faranti, amma da ta taɓa 'yar uwarta sai ta tsaya, ta juya wani gefen, ba ta hawa kanta. Bayan shekaru goma, a 1963, George Todaro da Howard Green na Jami'ar New York suka samar da wani zuri'ar ƙwayoyin ɓera mai suna 3T3, wadda ta nuna wannan ɗabi'a a fili. Ƙwayoyin sukan yi ta rabuwa har su shimfiɗu su rufe gindin farantin kamar daɓe, sahu ɗaya tak, sai su daina rabuwa alhali suna raye lafiya lau. In aka ɗauki tsinke mai tsabta aka karce tsakiyar shimfiɗar, sai waɗanda ke bakin karcen su farka, su rarrafa, su rabu, su cike gurbin, su sake kwantawa. Wato dai warkewar rauni ce a cikin faranti. Masana suka sa wa wannan ɗabi'a suna mai ma'anar tsayawa saboda cuɗanya.

Sa'ad da bairos ya shigo

Bairos ƙwayar cuta ce ƙarama ƙwarai, wadda ba ta iya hayayyafa sai ta shiga cikin ƙwayar wani mai rai ta yi amfani da kayan aikinta. A 1911 Peyton Rous na Cibiyar Rockefeller ya niƙa ƙarin da ya fito a ƙirjin wata kaza, ya tace ruwan da matacin da ba ya barin ko ƙwaya ɗaya ta wuce, ya yi wa lafiyayyun kaji allurarsa. Su ma sai ƙari ya fito musu. Masanan zamaninsa ba su ɗauki abin da muhimmanci ba, sai a 1966, bayan shekaru 55, aka ba shi lambar yabo ta Nobel.

A 1958 Howard Temin da Harry Rubin suka zuba bairos ɗin Rous a kan shimfiɗar ƙwayoyin ɗan tsako a faranti. Bayan 'yan kwanaki sai ga ƙananan tsibi-tsibi sun taso nan da can. Kowane tsibi zuri'ar ƙwaya ɗaya ce da bairos ya shiga, ta canza kama, ta shiga hawa kan 'yan uwanta. Aka kuma sami irin wannan sakamako da wani bairos na birai mai suna SV40, wanda aka gano a 1960. Irin waɗannan ƙwayoyi da bairos ya juyar, waɗanda za mu kira juyayyu, suna da alamomi sanannu. Ba su tsayawa in faranti ya cika, ruwan jini kaɗan ya ishe su, suna iya rabuwa ko ba su manne da komai ba, kuma sau da yawa in aka dasa su a jikin dabba sukan zama ƙari.

Wannan ya ba masana dama mai girma. Ga faranti biyu, ƙwayoyin cikinsu asalinsu ɗaya, abincinsu ɗaya, ɗuminsu ɗaya, bambancinsu kawai ɗaya ya haɗu da bairos. Duk abin da ya raba halinsu, to aikin bairos ne.

Neman sinadarin tsayarwa

Wani masani a Landan, William Bullough, tare da abokiyar aikinsa Edna Laurence, sun kawo shawarar cewa kowane sashe na jiki yana fitar da wani sinadari da ke hana ƙwayoyinsa wuce gona da iri. In ƙwayoyin sun yi yawa sinadarin ya yi yawa, rabuwa ta tsaya. In rauni ya rage su sinadarin ya ragu, rabuwa ta tashi. A 1960 sun kankare fatar gefe ɗaya na kunnen ɓera, sai suka ga ƙwayoyin fatar ɗaya gefen, wanda ba a taɓa ba, sun ƙara saurin rabuwa, kamar an ɗauke musu wani abu da ke danne su. Aka kira wannan sinadari da ake zato kalon, daga wata kalmar Girkanci mai nufin sassautawa.

Daga nan ɗakunan gwaje-gwaje da dama suka dukufa neman sa. Hanyar ita ce a kankaro ƙwayoyin da suka cika faranti suka kwanta, a farfasa su, a zuba a na'urar da ke juyawa da matuƙar gudu har masu nauyi su kwanta ƙasa, marasa nauyi su tsaya sama. Ta haka ake ware ruwan cikin ƙwaya daban, guntayen yanarta daban. Wasu kuma ruwan da ƙwayoyin suka zauna a ciki suke kwashewa. Sai a ɗiga abin da aka tatso a kan ƙwayoyi masu ƙarancin yawa da ke tsakiyar rabuwa, a auna ko sun rage kwafar zaren gadonsu.

Aikin ya zo da tarkuna. Hana ƙwaya rabuwa a faranti abu ne mai sauƙi, ko gishiri aka cika mata za ta tsaya, domin ta mutu. Saboda haka aka gindaya sharuɗɗa: sinadarin gaskiya ba zai kashe ƙwaya ba, ɗan kaɗan daga cikinsa zai yi aiki, kuma in an wanke shi ƙwayar za ta koma rabuwa. Da aka bi diddigi, sai aka tarar wasu abubuwan da aka yi ta murnar ganowa ba su cika sharuɗɗan ba. Alal misali, ruwan da aka tatso daga hanta yana ɗauke da wani furotin mai suna ajines, wanda ke cinye ɗaya daga cikin tubalan abincin da ke cikin farantin. Ashe yunwa ce ta tsayar da ƙwayoyin. Irin wannan ya sa a ƙarshen shekarun 1970 masana da yawa suka juya wa batun kalon baya.

Amma wasu gwaje-gwajen sun tsaya da ƙafarsu. A 1977 Brock Whittenberger da Luis Glaser na Jami'ar Washington da ke Sen Luwis suka ware guntayen yanar ƙwayoyin 3T3, suka zuba su a kan wasu 3T3 ɗin da ke da sarari isasshe. Sai ƙwayoyin suka rage rabuwa, tamkar sun ji maƙwabta sun kewaye su, alhali ba kowa sai guntayen yana. Da aka zuba guntayen nan a kan 3T3 waɗanda SV40 ya juyar, ba su ko gezau ba. Wannan ya nuna cewa akwai saƙon tsayawa a jikin yanar lafiyayyar ƙwaya, kuma juyayyar ƙwaya ta kurumce ga barin jin sa.

A daidai wannan lokaci Robert Holley, wanda ya riga ya sami lambar Nobel a 1968 kan wani aiki daban, yana Cibiyar Salk a Kalifoniya yana renon ƙwayoyin ƙodar wani birin Afirka. Ya lura cewa in sun cunkushe sukan saki wani abu a cikin ruwansu da ke hana su rabuwa, kuma a 1980 shi da abokan aikinsa suka tace shi, suka tabbatar furotin ne. A 1984 ɗakin gwajin Harold Moses ya nuna cewa furotin ɗin Holley dangi ne na kusa ga wani da aka riga aka sani da suna TGF-beta. Yau an san cewa TGF-beta yana cikin manyan masu tsayar da ƙwayoyin fata da na hanji da na hanta, kuma ƙwayoyin sankara da yawa sun daina amsa masa. Wasu sankarorin hanji ma sun rasa furotin ɗin da ke karɓar saƙonsa a jikin yana gaba ɗaya. A 1997 kuma aka gano wani ɗan gidan TGF-beta mai suna mayostatin, wanda tsoka ke fitarwa don ta hana kanta wuce iyaka. Wani nau'in shanun Beljiyam da ya rasa shi yakan yi tsoka jibgi-jibgi. Ashe Bullough bai yi nisa da gaskiya ba, kayan aikin zamaninsa ne suka gaza.

Birkin da ke cikin ɗaka

Sauran tambaya ita ce, ta yaya bairos ke kurumtar da ƙwaya? Alamar farko ta fito daga Oksfod a 1969, inda Henry Harris da George Klein na Suwidin da abokan aikinsu suka haɗe ƙwayar sankara da lafiyayyar ƙwaya suka zama ɗaya. Da yawa sun zaci halin sankara ne zai rinjaya, sai ga shi haɗaɗɗiyar ƙwayar ta natsu ta daina haifar da ƙari. Ma'ana, lafiyayyar ƙwayar ta kawo wani abu da ɗayar ta rasa. Irin waɗannan abubuwa su ne birkin ƙwaya, kuma biyu daga cikinsu sun fi shahara.

Na farko shi ne Rb, wanda aka gano gaɓar gadonsa a 1986 ta hanyar nazarin wata sankarar ido da ke kama ƙananan yara. Aikinsa kamar na mai tsaron ƙofa ne, ba ya barin ƙwaya ta fara kwafar zaren gadonta sai sharuɗɗa sun cika. Na biyu shi ne p53, wanda David Lane da Lionel Crawford a Landan, da Daniel Linzer da Arnold Levine a Firinston, suka gano a 1979. A ina suka same shi? A cikin ƙwayoyin da SV40 ya juyar, manne da wani furotin na bairos ɗin da ake kira babban T. Sai a 1989 aka tabbatar cewa p53 birki ne. In zaren gado ya lalace, shi ke tsayar da ƙwaya har a gyara, in kuwa ɓarnar ta fi ƙarfin gyara sai ya umarce ta ta kashe kanta. Kusan rabin dukkan sankarorin ɗan Adam suna ɗauke da p53 da ya lalace. Giwa, irin wadda ake gani a Yankari, tana da kimanin kwafi 20 na wannan gaɓar gado, kuma ana ganin hakan na cikin dalilan da suka sa sankara ba ta cika kama ta ba duk da girman jikinta.

A 1988 aka gano cewa babban T yana kama Rb ma. A 1990 kuma aka nuna cewa TGF-beta ta hannun Rb yake tsayar da ƙwaya. Nan labarin ya haɗu. Saƙon tsayawa yana isowa bakin ƙofa, amma wanda zai zartar da shi a cikin ɗaka bairos ya riga ya ɗaure shi. Dalilin bairos na yin haka shi ne, ba shi da kayan kwafar zaren gadonsa, sai na ƙwayar da ya shiga, kuma waɗannan kaya ba su fitowa sai ƙwaya na shirin rabuwa. Don haka yake tilasta mata shiri. Sankara ɓarna ce da ke biyo baya, kuma a cikin mutane ƙalilan daga waɗanda suka kamu.

Wani gwaji na shekarar 2000 ya ƙara fito da wannan fili. Ƙwayoyin HeLa, waɗanda aka ɗauko daga sankarar bakin mahaifar Henrietta Lacks a asibitin Johns Hopkins a 1951, suna ɗauke da bairos ɗin HPV, kuma suna ta rabuwa tun daga lokacin. Edward Goodwin da Daniel DiMaio na Jami'ar Yale suka rufe bakin gaɓoɓin gadon bairos ɗin guda biyu. Cikin 'yan kwanaki p53 da Rb suka farfaɗo, ƙwayoyin suka daina rabuwa. Kusan shekaru 50 birkin yana nan da ƙarfinsa, riƙe shi kawai aka yi.

Daga faranti zuwa ƙasarmu

Nijeriya tana da hannu a wannan tarihi tun da wuri. A 1958 Denis Burkitt ya bayyana wata sankara da ke kumbura muƙamuƙin yara a Yuganda, wadda ake samu a yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, har da namu. A 1963, a Asibitin Koyarwa na Ibadan, Robert Pulvertaft ya reni ƙwayoyin wannan sankara daga wani yaro ɗan shekara 11. Zuri'arsu, mai suna Raji, ita ce ta farko daga dangin ƙwayoyin jinin ɗan Adam da ta ɗore a faranti, kuma har yau ana aiki da ita a ɗakunan gwaje-gwaje na duniya. A 1964 Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka hango bairos a cikin ƙwayoyin irin wannan sankara, wanda shi ne bairos na farko da aka danganta da sankarar ɗan Adam.

Sankarar bakin mahaifa kuwa ita ce ta fi kama da abin da aka gani a faranti. Harald zur Hausen na Jamus ya gano nau'in HPV mai lamba 16 a 1983 da mai lamba 18 a 1984, waɗanda su biyun ke haddasa kimanin kashi 70 cikin 100 na wannan cuta. Bairos ɗin yana da furotin biyu: E6 yana sa a rushe p53, E7 kuma yana ɗaure Rb. Mafi yawan matan da suka kamu jikinsu yakan kore shi cikin shekara ɗaya ko biyu, amma in ya zauna shekara 10 zuwa 20 yana iya kaiwa ga sankara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 an sami sababbin masu cutar kimanin 12,000 a Nijeriya, kuma mata kimanin 8,000 suka rasu. A ranar 24 ga Oktoba, 2023, Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin HPV kyauta, allura ɗaya tak, kuma Kano da Jigawa suna cikin jihohin da aka fara da su.

Sai kuma hanta, inda maƙiya biyu ke haɗa kai. Na farko shi ne bairos ɗin ciwon hanta nau'in B. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kimanin kashi 8 cikin 100 na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da shi. Jaririn da ya kamu lokacin haihuwa, tara cikin goma cutar takan zauna masa har girma, alhali a baligi ba ta cika zama ba. Shekara da shekaru hantar tana ƙuna tana gyara kanta, ƙwayoyinta suna rabuwa ba hutu, wani furotin na bairos ɗin kuma yana raunana p53.

Maƙiyi na biyu yana cikin rumbu. Ƙasar Kano ta yi suna da gyaɗa tun bayan isowar jirgin ƙasa a 1911, har aka kai ga dalar gyaɗa, kuma har gobe ana noma ta tare da gero da dawa da wake a Gafasa da sauran ƙauyukan Ajingi da Gaya. Akwai wata fumfuna mai launin kore-kore da rawaya da ke zaune a cikin ƙasa, tana kama gyaɗa da masara, musamman in ruwa ya ɗauke kafin amfani ya nuna, ko aka adana shi da danshi. Tana fitar da guba mai suna afulatoksin, wadda aka gano bayan da talotalo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila a 1960 saboda cin tunkuzar gyaɗa daga Barazil. A 1991 masana suka binciki sankarar hanta daga Kidong a ƙasar Sin da kuma kudancin Afirka, suka tarar a kusan rabinsu p53 ya lalace a wuri ɗaya tak, gurbi na 249, daidai inda wannan guba ke sara. An ga wannan tabo a Gambiya ma. Wani bincike a Shanghai ya nuna cewa guba ita kaɗai tana ninka haɗarin sankarar hanta kamar sau 3, bairos shi kaɗai kamar sau 7, amma in sun haɗu ninkin yakan kusan sau 60.

Abin da ke hannunmu

Gyaran birkin da ya riga ya lalace aiki ne mai wuya da tsada, ko da yake a 2015 an amince da wani magani mai suna palbociclib wanda ke ƙarfafa Rb a wasu sankarorin mama. Kare birkin tun yana lafiya shi ne abin da ya fi sauƙi. Taiwan ta fara yi wa jarirai rigakafin ciwon hanta nau'in B a 1984, kuma rahoton 1997 ya nuna sankarar hanta a yara ta ragu da kusan rabi. Nijeriya ta shigar da wannan allura cikin rigakafin yara a 2004. Wadda ake yi cikin awa 24 da haihuwa ita ce mafi muhimmanci, don haka ko a gida aka haihu ya kamata a kai jariri asibiti mafi kusa a ranar, kada a jira ranar suna. Baligi kuma yana iya zuwa a gwada jininsa, in ba shi da cutar a yi masa allura, in yana da ita akwai magungunan da ke danne ta. Matan da suka wuce shekarun allurar HPV kuwa, gwajin bakin mahaifa yana gano canji tun kafin ya zama sankara.

Game da gyaɗa, wani gwaji da aka yi a ƙauyukan ƙasar Gini, aka buga a 2005, ya nuna cewa matakai masu sauƙi sun rage gubar da ke jinin mutane da fiye da rabi. Matakan su ne shanya gyaɗa a kan tabarma maimakon ƙasa har ta bushe ƙayau, tsince ruɓaɓɓu da masu fumfuna, zuba ta a buhun algarara mai shan iska, ɗora buhunan a kan katako, da kare su daga ƙwari. Ya kamata a sani cewa suya da dafuwa ba su kashe wannan guba. Saboda haka gyaɗar da aka tsince don ta lalace ba ta dace da ƙuli-ƙuli ko kunu ba, ba ta kuma dace da abincin shanun tatsa ba, domin gubar tana ratsawa zuwa nono. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe, wanda ake watsawa a gona mako biyu zuwa uku kafin amfani ya yi fure. Yana ɗauke da irin fumfunar nan amma marar guba, wadda ke rigan mai gubar kama wuri.

Akwai kuma darasi ga mai karatu game da labaran da ake yaɗawa cewa an gano wani ganye ko saiwa da ke kashe ƙwayoyin sankara a ɗakin gwaji. Tambayoyin da suka tace batun kalon su ne za a yi a nan: shin an gwada shi a kan lafiyayyun ƙwayoyi a faranti na biyu? Nawa aka zuba? An gwada shi a jikin dabba da na mutum? Wasu magungunan sankara na gaske daga tsirrai suka fito, kamar binkiristin da aka samu daga wani furen Madagaska, amma sai da suka tsallake waɗannan matakai duka.

Ɗalibin da wannan fage ya ba sha'awa ba sai ya tsallaka teku zai fara ba. Ilmin sinadaran jiki da na ƙananan halittu ana koyar da su a Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello, ga kuma Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote a Wudil, maƙwabciyar Gaya. Tambayoyi irin su yawan gubar da ke cikin gyaɗar kasuwannin Ajingi daga kaka zuwa bazara, ko yawan jariran da ke samun allurar ranar haihuwa a mazaɓa kamar Gafasa, suna buƙatar masu auna su, kuma ɗan ƙasa ne ya fi kowa sanin hanyar rumbunan da gidajen.